Tsaga Uku a Tutar Kafin Gawo

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Na dawo daga Kafin Gawo kaina na sarawa. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta gama ginin ɗakin taro, za a buɗe shi bayan Babbar Sallah in 'yan gari sun dawo gida, shi ne aka ce sai an yi wa gari tuta tasa ta kansa, a kafa a ƙofar ɗakin. Ni aka kira, tunda ni ne ɗan garin da ke da shagon fenti a Daura. Da murnata na tafi. Shekara nawa ina rubuta "Ana Sayar da Ƙanƙara" da "Ba a Fitsari a Nan", kafin shekara ta zagayo rana ta cinye, ko mai shago ya tashi wani ya zo ya shafe. Na ce yau ga aikin da zai rayu bayana.

Ashe wahala na je ɗauko wa kaina. Alhaji Nagoggo, shugaban kwamiti, dillalin shanu, ya ce bijimi yake so a tsakiya, mai manyan ƙaho. Manoma suka ce damin gero. Malam Abdulrazak sakatare, da yake malamin makaranta ne, littafi da alƙalami. 'Yan kabu-kabu suka aiko wakili wai babur. Babur! A tuta! Can daga ƙarshen tabarma Abbas na Bayan Kafi, unguwar surukaina, ya ɗaga hannu ya ce su ma in da hali a sa musu guga, tunda su suka haƙa rijiyoyin garin.

Na ce, "Jama'a, tuta kuke so ko faifan 'yar talla?" Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ba don dariya na faɗa ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Launi ma ya zama rigima. Na ce ja, aka ce na wata jam'iyya ne. Na ce shuɗi, rabin samari suka hau shewa wai na ƙungiyar ƙwallonsu ne, ɗaya rabin suka ce wallahi sai dai a fasa tutar. Saura kore da fari, su ma wani ya bugo waya ya ce mun kwaikwayi ta ƙasa. To in je in ƙirƙiro sabon launi ne?

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na samu! Ina wanke buroshi da kananzir fuskar Iya Adama, kakata, Allah ya jiƙanta, ta faɗo mini. Tsagar Kafin Gawo: dogaye uku a kowane kunci, daga gefen ido zuwa haɓa. Tana ƙarama ta taɓa ɓacewa a kasuwar Daura, an nema an gaji. Wata mai tallar nono ta tsince ta tana kuka, ta kama haɓarta ta juya fuskar, ta ce ai 'yar Kafi ce, ta goya ta ta kawo ta har ƙofar gida. Wannan labarin na ji shi ya fi a ƙirga. Iya takan shafa kuncinta ta ce da wannan ɗan garinmu ba ya ɓata.

Wanzamai sun daina yin ta tun kafin a haife ni. Ni ba ni da ita, sa'o'ina ba su da ita, tsofaffi kaɗai suka rage, su ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Shi ke nan. Yadi kore, layi uku farare a karkace, ba ƙari. Wanda ya hango daga nesa ya san ya iso gida. Ma'anarta kuwa ɗan gari ba ya ɓata, duk inda ya shiga za a maido shi. Ba bijimi, ba babur.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na nuna wa Haulatu. Tun da muka yi aure duk wani ƙyallen da na rubuta, na maulidi ne ko na saukar karatu, ita ke kalmashe bakinsa a kekenta, kuma ba ta taɓa barin aiki ya fita ba tare da ta tsokane ni ba, wai harafina ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. Yau ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Ya yi kyau, Baban Mardiyya." Ta tashi wai miya za ta kama. Ban ji ƙauri ba.

Zafi ne, ina jin. Bazarar bana ba ta bar wa kowa walwala ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Tir da wannan zama. Na shimfiɗa zanen a gabansu, na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Wani ya ce kamar kaza ta yi tono a kan ciyawa. Malam Abdulrazak ya gyara tabarau ya ce masu lafiya sun hana tsaga, kada baƙi su zo su ɗauka muna ƙarfafa ta. Na ce Malam, yadi zan tsaga ko jariri? Sai ya zaro wata takarda daga jaka, wai wani mai kwamfuta a Katsina ya haɗa musu. Innalillahi. Duk abin da aka lissafa rannan yana ciki: bijimi a tsakiya ya cika wuri, gero, littafi, babur ɗin ma yana nan har da madubi, ga ɗan guga can a kusurwar ƙarshe kamar ƙuda ya sauka. Launi kuwa kamar an kifar da kantin alawa. Suka yi ta miƙa wa juna suna "Ma sha Allah."

Alhaji Nagoggo kuwa bai bi su ba. Ya riƙe tawa takardar yana kallo yana taunar goro. Abbas ya kau da kai gefe, amma shi dama ba mai magana ba ne.

An ɗage sai wani zama. Na hau babur ko sallama ban yi ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ba zan bari ba. Wallahi ba zan bari a rataye wannan hauka a garin ubana ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Na yi ta gwaji a kan tsohon yadi, in ɗaura a gora a ƙofar shago in ga yadda za ta yi a iska. Takarda daban, tuta daban. Na kai wa Haulatu ta kalmashe mini, ta ce keken yana tsallake zare. Na ɗaura ta haka nan ba kalmasa.

Da na dawo cin abincin rana tun daga zaure nake jin keken yana gudu, ɗinkin Sallar mutane. Da na yi sallama ya tsaya.

Asabar, 10 ga Mayu

Jiya da la'asar hadari ya taso, iska kamar za ta ɗauke kwanon shago, ruwan kuma ko ƙasa bai jiƙa ba. Yau na tarar da tutar gwaji ta sha kashi. Gefen da ke ɗaure da gora lafiya lau, ko zare bai fita ba. Ɗaya bakin, wanda ke kaɗawa, ya zama igiya-igiya. Haka tuta take ashe, daga bakin waje take fara ci, ta yi ta ci har ta iso sanda. Duk abin da ka ajiye a can shi ne farkon tafiya. Ni tawa ba abin da ya dame ta, layukana a tsakiya suke.

Alhamis, 15 ga Mayu

Alhaji Nagoggo da kansa a shagona! Ya bar motarsa a bakin titi, ya ƙi zama saboda fenti. Ya ce, "Sabiru, na yi tunani, taka za a yi. Na haƙura da bijimin." Na ce Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ya nuna nasa kuncin, don shi yana da ita, uku ɓaro-ɓaro. Ya ce yanzu gari ya cakuɗe, kowa ya samu kuɗin mota sai ya ce shi ɗan gari ne. "Wannan tutar in ta hau, an san masu gari, an san waɗanda aka kawo."

Na ce ai ba haka nake nufi ba, ma'anarta ita ce... Ya ce, "Ma'ana taka ce, tuta tamu ce," ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

Ban ji daɗin maganar ba. Amma ni ba na zana wa Alhaji abin da ke ransa, na Iya na zana. In ya goyi bayana don wani dalili nasa, ni ina ruwana?

Lahadi, 18 ga Mayu

An amince! Da Alhaji ya buɗe baki, masu cewa tonon kaza su ne suka fara cewa akwai hikima a ciki. Mutane ke nan. Malam Abdulrazak ya ninke ta kwamfuta ya mayar jaka yana ƙunƙuni.

Abbas ya tashi tsakiyar zama, ya sa takalmansa ya tafi. Wani ya ce wataƙila cikinsa ne.

Na sayi yadi mai kyau a hanya, da tsire na kawo gida. Ya kamata in fi haka murna.

Talata, 20 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba. Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa ba.

Da safe bayan Mardiyya ta tafi makaranta na ajiye yadin a kan keken. Na ce tunda keken ya warke ga aiki. Haulatu ta ɗauke shi da hannu biyu ta mayar mini. "Ba zan ɗinka ba." Haka kawai. Matar da ba ta taɓa ce mini a'a a kan aiki ba.

Na ce saboda me? Ta ce, "Ka taɓa duban fuskar Baba?"

Wane suruki ne yake kallon fuskar surukinsa? Ni in na je gaishe da Baba Sha'aban tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa har in tashi. Yatsun ƙafarsa na sani. Amma na gane abin da take nufi. Tsofaffin Bayan Kafi tasu tsagar daban ce, 'yan gajeru a gefen baki. Kowa ya sani, kowa kuma ya san dalili: kakanninsu kawo su aka yi, aka zaunar da su bayan ganuwar gari suna wa masu gari aiki. Na sani mana. Wa ke tuna wannan yanzu?

Ta ce ita tana tunawa. Ta ce labarin Iya da mai nono ta ji shi daga bakina sau nawa, ba ta taɓa tanka mini ba. "Taku, in yaro ya ɓata a maido shi wurin uwarsa. Tamu, in mutum ya gudu a maido shi wurin ubangidansa. Wanzami ɗaya ne ya yi su, da aska ɗaya." Ta ce Baba ya shiga cikin ƙasa ya fito ya fi sau nawa don garin nan ya sha ruwa, yanzu za a kafa masa ƙyalle a sama da zai riƙa gaya masa kullum shi ba ɗan nan ba ne. Kuma mijin 'yarsa ne ya zana, 'yarsa ta ɗinka.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce wannan zancen kakannin kakanni ne, ya mutu. Na ce lokacin aurenmu kawuna bai ce a dubi bakin uban yarinya ba? Na saurare shi? Ban aure ki ba duk da haka?

Ta ce, "Duk da haka." Ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗanawa. Ta koma kan kekenta.

Ba haka nake nufi ba. Kwanan nan kowa sai ya ɗauki abin da ba shi nake nufi ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Abinci na zuwa a kan lokaci. Magana ba ta zuwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Ita kaɗai ce tela a Daura? Na kai yadin kasuwa. Na farko ya ce ɗinkin Sallah ya yi masa yawa. Na biyu ya karɓa, na tsaya ina kallon wata rigar da ya gama, kalmasarta kamar hanyar maciji, na ce ba ni kayana. Na uku ma ban tsaya ba. Yadin yana nan a leda ƙarƙashin teburin shago.

Ba wai na kasa samu ba ne. Ba su iya ba ne kawai.

Talata, 27 ga Mayu

Na je Kafin Gawo auna ƙarfen da za a ɗaura tutar. Ba yadda za a yi in shiga gari in fita ban gaishe da suruki ba, don haka na gangara Bayan Kafi.

Na same shi a gindin gawo kusa da tsohuwar rijiya yana tufkar igiya. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya tambayi Haulatu, ya tambayi amaryarsa Mardiyya, wai ko ta daina gudunsa. Sannan ya ce, "An ce kai ka zana mana tuta. Allah ya yi albarka." Ba gori, ba komai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce Baba za a zo buɗewa dai ko? Ya ce gwiwa ta matsa masa, sai dai ya ji labari. Mutumin da Abbas ya ce mini shi ya riƙa tsayawa a kan rijiya ana jan ruwan da aka buga bulon ɗakin taron, tun daga tushe har rufi. Gwiwar ba ta hana shi wannan ba.

Allah ya yafe mini, na ɗaga ido. Karo na farko. Suna nan, 'yan ƙanana, sun kusa ɓacewa cikin furfura da tamoji. Kuma yana magana yana jan bakin rawaninsa yana rufe wurin, ba tare da ya san yana yi ba. Hannun ya saba. Ni da nake taƙamar ina ganin layin da ya karkace daga tsallaken titi.

Zan tashi ya ce, "Wai da gaske ne da farko har guga aka ce za a sa?" Na ce eh, Baba. Ya yi dariya ya girgiza kai. "Guga a tuta. Yaran nan." Ya ci gaba da tufkarsa, amma dariyar ta daɗe a fuskarsa.

Na manta ma ban auna ƙarfen ba. Sai na koma.

Laraba, 28 ga Mayu

Na yi dabara: a sa duka biyun. Dogaye uku, gajeru a gefe. Kowa ya samu. Na zana, na jingina a bango, na ja baya na duba.

Kai! Ta fi muni. Da ana cewa ga masu gari ne kawai, yanzu an nuna da yatsa ga su wane. Na yayyage ta tun kafin wani ya shigo.

Me ya sa abu mai kyau ba zai zauna a mai kyau ba? Layi uku ne fa. Fuskar kakata ce. Ban saci ta kowa ba, ban zagi kowa ba. Haushin Alhaji nake ji, da Haulatu, da wanzamin da ya mutu tun kafin a haifi ubana, har da Iya, Allah ya gafarta mini, da ta ba ni rabin labari.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na gaya wa kwamiti na janye zanena. Na ce na gwada a iska, layukan ba sa fitowa daga nesa, in ta naɗe sai su zama kamar tabon bilic a riga. Matsalar aiki ce kawai.

Alhaji ya tashi tsaye. Ya ce ƙarya nake yi, daga cikin gida aka juya ni, dama an faɗa tun ranar ɗaurin aure. Ya ce shi zai ba wani ya yi. Na ce Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, zanen nawa ne, fuskar kuma ta kakata ce, ban bayar ba. Ban san muryata ta hau haka ba sai da na ga mutane suna leƙowa ta taga. Ya kira ni ɗan fenti mara kunya. To, ɗan fentin ne.

Malam Abdulrazak kamar jira yake, ya zaro ta kwamfuta, duk ta yamutse. Kafin a ce me an ɗaga hannu. Ita za a yi. Faifan 'yar tallar.

Ga ƙarin cin fuska: mai bugawa a Katsina ya ce ba zai iya ba kafin Sallah. Wa zai zana ta da hannu, fuska biyu? Duk suka juyo suna kallona.

Talata, 3 ga Yuni

Yau na wuni ina zana babur. Ni Sabiru. Har da madubi.

Laraba, 4 ga Yuni

Bijimin Alhaji ya sha fenti kamar ginin bene. Na rage masa ƙaho kaɗan, ba wanda zai lura, in ma ya lura oho. Littafin Malam ya fito kamar burodi, na bar shi haka.

Gugan ne ya tsayar da ni. Mai kwamfutar can ya jefa shi a kusurwar ƙasa ta bakin waje, daidai inda iska ke fara ci. Damina ɗaya ba zai kai ba. Kafin kaka an ga bijimi da babur, ba guga. Wannan ba aikin mai hankali ba ne, ta fuskar sana'a nake magana. Kuma ɓangaren sanda ya yi fili da yawa, zanen ya rinjaya gefe ɗaya. Na matso da shi can sama kusa da sanda. Da ya zo wurin sai ya yi ƙanƙanta, dole na ƙara masa girma. Guga kuma ba ya tsayawa a iska ba igiya, na yi masa igiya, tufka biyu, irin wadda na gani.

Babur ya koma bakin waje. Su masu gudu ne dama.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ranar Arfa, ina azumi, ba ni da ƙarfin rigima. Na shigo da tutar don kada ƙurar shago ta ɓata ta, na shanya a igiyar tsakar gida.

Haulatu ta fito da tsintsiya. Ta tsaya. Ta zagaya ta duba ɗaya fuskar. Tela ce, ta san gefen da ake zura igiya, ta san gefen da ke yagewa, ba sai an gaya mata ba.

"A takardar kwamfutar da ka shigo da ita ba nan gugan yake ba."

Na ce daidaito ne, zanen ya rinjaya.

Ta ce, "To." Can kuma ta ce, "Wannan burodi ne ko littafi?"

Na ce ki tambayi Malam Abdulrazak.

Na fita duba ragon layya. Da na dawo babu tutar a igiya, keken yana gudu. Na yi sallama bai tsaya ba.

Maganar "duk da haka" da na faɗa rannan tana nan tsakaninmu. Na buɗe baki a kanta wajen buɗa-baki, ta ce in sha kununa tukuna yana hucewa. Na dai ce mata ban kyauta ba. Ta ce ta sani.

Lahadi, 8 ga Yuni

An buɗe ɗakin taro. An yi jawabai har yunwa ta kama mutane duk da naman da ke cikinsu. Alhaji bai amsa gaisuwata ba, ya miƙa mini yatsu biyu ya janye. Da aka ja igiya tutar ta hau ta buɗe, 'yan kabu-kabu suka yi ta matsa ham kamar an ɗaura musu aure.

Mummuna ce. In rubuta a nan tunda ba mai karantawa: ban taɓa sa hannu a abu mai muni irin wannan ba. Daga bakin titi ba ka gane komai sai hayaniyar launi. Tawa ta fi ta kyau sau dubu, har gobe. Kalmasar dai ba ta da aibu, ninki biyu aka yi mata a bakin waje, ban ce a yi ba.

Ban ga zuwansa ba. Abbas ne ya taɓa ni ya nuna mini da haɓa. Baba Sha'aban, can bayan mutane, da farar rigarsa ta Sallah, ba sanda. Ya sa hannu ya kare rana yana nema. Iska ta kwanta, tutar ta naɗe a jikin ƙarfe, bijimi ya shige, babur ya shige, duk suka ɓuya cikin ninki. Abin da ya rage a fili shi ne na kusa da sanda. Wannan ban lissafa da shi ba, wallahi.

Ya ɗaga hannu yana nuna wa tsohon da ke gefensa. Rawanin ya zame daga bakinsa, bai mayar ba. Hannun yana sama.

Da na je na durƙusa ya ce, "Malam Sabiru, igiyar nan tufka biyu ce." Na ce eh, Baba. Ya ce, "Haka ake yi."

Malam Abdulrazak ya ce duk shekara sai an sake sabuwa, tunda iska za ta ci, wai ko zan ci gaba da yi. Na ce zan duba. Na dai ajiye ma'aunin gugan a aljihun tebur, kada wani ya zo ya ɓata daidaiton.